Yayen Lailatu

"Yaye? Yayen da ya ci damina biyu? Haba dai. Ai Sabuwa ta bar musu 'yar nan."

A gidan ɓarar zoɓo Kubra ta ji wannan magana. Ta tashi ne ta zaga bayan rumfa don ta wanke hannu, ƙaiƙayi ya ishe ta. Wasu mata biyu ne a gindin randa, sun ba ta baya. Ɗayar ta ce, "Allah sarki. To ya za ta yi?" Daga nan suka koma zancen tsadar manja, kamar ba su ce komai ba.

Kubra ta tsaya da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye a ƙasa. Sabuwar da suke faɗa ita ce mahaifiyarta, ga ta can cikin rumfar ta sunkuyar da kai kan tarin zoɓo. 'Yar kuwa Lailatu ce, autarsu.

Ta koma ta zauna kusa da uwar ta ci gaba da aiki. A kama zoɓo, a raba jan ɓawon da ƙwallon ciki, a jefa wannan nan, a jefa wancan can. Tun farkon kaka suke zuwa gidan, ana kawo buhuna daga gonakin Kangire da Wurno, mata su kewaye su tun hantsi har la'asar. Yatsu su yi jawur, su tsattsage, ƙaiƙayin ya bi hannu har gwiwa. Dama Kubra ba mai magana ba ce. Ko a sakandare, har ta gama, malamai da yawa ba su san muryarta ba. Amma abin da ya shiga kunnenta ba ya fita.

Lailatu tana koyon zama babansu ya rasu. Malam Umaru mai facin taya ne a tashar Birnin Kudu, ciwon ciki ya kwantar da shi, kafin a ankara an kai shi makwanci. Ya bar gida mai ɗaki biyu, da gonar aro wadda mai ita ya karɓe abarsa bayan an cire amfani. Daminar farko ta kwantar da ɗaki ɗaya, suka tattara a ɗayan: Inna, da Kubra, da ƙannenta maza biyu, da jaririya. In hadari ya taso sai a naɗe tabarmi a jingine, a jera kwanuka inda rufi yake yoyo.

Da Inna ta fita takaba sai ta shiga bin gidaje, surfe nan, wankau can. Goyon Lailatu ya dawo bayan Kubra. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka ta ɗauke ta, da ita a baya take ɗebo ruwa, da ita take hura wuta. Yarinyar tana da wata ɗabi'a: in barci ya zo mata sai ta miƙa hannu ta kama kunnen Kubra, ta yi ta murzawa har idonta ya rufe.

Sai nonon Inna ya ƙafe. Ana dama wa Lailatu kunu tsararo, ta sha ta yi ta kuka. Wuyanta ya zama kamar tsinke, gashinta ya fara ja. A lokacin ne Gwaggo Sa'adiyya, yayar babansu, ta zo daga Gwaram. Ta ɗaga yarinyar sama ta dube ta.

"Sabuwa, ba ni ita in yaye miki. In ta manta nono sai a dawo da ita."

Ba wani baƙon abu ba ne. Kowa a unguwar an kai shi yaye gidan kaka ko gidan gwaggo, ya yi 'yan makonni ya dawo yana ƙin uwarsa, ana dariya. Inna tana tankaɗe ta ce, "To, Yaya." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Kubra ce ta goya Lailatu har tasha. Gwaggo ta zo da nata zanen, don haka da aka kwance goyon sai majanyin ya saura a hannun Kubra, da ɗuminsa. Ta kai shi gida ta ninke ta sa a ƙasan jakar kayanta, tana jiran 'yan makonni.

Ba ta taɓa tambaya ba. Kubra 'yar fari ce, kuma Inna irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Ba sa haɗa ido. Sukan wuni gefe da gefe suna aiki, maganarsu ba ta wuce miƙo wancan, sauke wannan. A irin wannan zama ta ina za a fara cewa, Inna, yaushe za a kawo Lailatu? Ƙannenta sun yi ta tambaya a farko, ana ce musu sai ta ƙara wayo, har suka gaji suka bari.

Tun daga ranar da ta ji maganar matan nan sai idonta ya buɗe a kan abubuwan da take gani kullum. Ɗan kwanon Lailatu mai zanen fure, wanda aka kife a kan katanga aka ce kada kowa ya taɓa, yanzu gishiri ne a ciki. Ba ta san ranar da aka zuba ba. In Inna ta kwashe tuwo, malmala uku take yi, ta kankare ƙanzon tukunya ta ce ita ya fi mata daɗi. Kubra takan zuba wa tukunyar ido tana neman inda rabon mutum na biyar zai fito. Sai ta ce wa ranta ai Lailatu ƙarama ce, loma nawa za ta ci? Daga nata ma sai ta ɗebar mata.

Ana haka aka aiko daga Gwaram, surukar Gwaggo ta haihu, ranar Asabar suna.

"Ke, ki shirya ki je," in ji Inna. "Ni ƙafata ta matsa mini."

Kubra ta dubi ƙafar. Ƙafar da ta je har bayan gari neman itace da safen nan. Ta ce, "To."

Inna ta ƙulla kuka da daddawa a leda, ta ce a kai wa mai jego. Ta lissafa waɗanda za a gaisar, tun daga mijin Gwaggo har tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. A nan ta tsaya. Da Inna ta fita tsakar gida, Kubra ta jawo jakarta ta zaro majanyin, ta tura shi ƙarƙashin ƙullin kuka.

Bappa Ƙasimu, direban motar Gwaram, abokin babanta ne tun na tasha. Ya sa ta a gaba kusa da taga, ya ƙi karɓar komai. Tun da suka bar duwatsun Birnin Kudu a baya take shirya abin da za ta faɗa. Gwaggo, Inna ta ce a gode, yarinya ta manta nono. Gwaggo, mun zo ɗaukarta. Ta maimaita a zuci har kalmomin suka yi laushi. A ranta ta riga ta yanke cewa Gwaggo ce ta riƙe musu 'ya, don ta ga ba su da mai tsaya musu.

Gidan Gwaggo ya cika da mata, tukwane a kan murhu, ana ta guɗa. Gwaggo ta hango ta tun daga bakin zaure.

"Ah, 'yar boko! An gama sakandare an daina zumunci. Zo nan in gan ki. Kai, wannan hannu fa? Lalle aka sa miki ko aure za a yi ba a gaya mana ba?"

"Zoɓo ne, Gwaggo."

Mata suka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta riƙe hannun ta juya shi, ta ga tsagar yatsun, ta sake shi a hankali. "Ina uwar taki?"

"Ƙafa ce ta matsa mata."

"Uhm. Ƙafa." Ta juya ta ɗaga murya. "Lailatu! Zo ga Yayarki ta Birnin Kudu."

Wata yarinya ta fito daga ɗaki a guje, takalminta yana ƙara duk inda ta taka. Rigar anko irin ta Gwaggo, 'yan kunne, kitso an sa masa duwatsu. Kumatu kamar a taɓa su fashe. Kubra ta durƙusa ta buɗe hannu. Yarinyar ta ja birki, ta dube ta sama da ƙasa, ta zagaya bayan Gwaggo ta riƙe zaninta.

"Mama, wace ce?"

"Yayarki ce, ja'ira. Ita ta goya ki."

"Baƙuwa ce," in ji Lailatu, ta ɓoye fuska.

Aka yi ta dariya, wata ta ce haka 'yan yaye suke. Kubra ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta yi murmushi don kada a gane.

Aka ba ta tabarma a gefen rumfa, aka kawo mata shinkafa da miya. Ta kasa ci. Idonta yana kan Lailatu, wadda aka zaunar can gefe da nata kwanon, har da tsokar nama a sama. Yarinyar ta ci loma kaɗan, ta tsotse naman, ta ture kwanon da ƙafa.

"Na ƙoshi."

Wata ta ɗauki kwanon ta juye wa kaji sauran. Kubra ta bi shinkafar da ido har kajin suka tsince ta tas. Ta yi ta tunanin yaushe rabon da ta ji wani ya ce ya ƙoshi a gidansu. Inna ce kaɗai take faɗa, kullum kuwa, kuma ba ta taɓa faɗa da gaske ba.

Da azahar Lailatu ta fara rigimar barci, tana bin Gwaggo tana kuka, Gwaggo kuwa ga baƙi ga rabon abinci.

"Kubra, don Allah goya mini ita, ko na samu in numfasa. Ɗauki zane a ɗaki."

"Ina da shi," in ji Kubra. Ta buɗe jaka ta fito da majanyin. Gwaggo ta dubi majanyin, ta dubi Kubra, ta juya ga baƙinta.

Yarinyar ta yi ta zillo tana dukan bayanta, tana kiran Mama. Kubra ta ɗaure majanyin tam, ta shiga jijjiga ta, tana zagaya tsakar gida kamar yadda take yi a da. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa. Kan ya kwanta a tsakanin kafaɗunta. Can sai ta ji ɗan hannu yana lalube a wuyanta, ya hau, ya kama kunnenta, ya fara murzawa.

Kubra ta tsaya cak. Ta cije leɓe don kada sauti ya fito.

Ba ta san lokacin da ƙafarta ta kai ta zaure ba. Babu kowa a ciki, maza sun tafi masallaci. Daga bakin ƙofa ana hango hanyar da ta miƙe zuwa tasha, motar Bappa Ƙasimu tana can tana lodi. Jakarta tana rataye a hannunta. Ba wanda zai tare yarinya da goyo a ranar suna.

Sai dai goyon ya yi nauyi. Majanyin da a da yake zagaye su biyu har ya yi saura, yau da ƙyar bakinsa ya haɗu. Ta sa hannu ta baya ta tallafi cinyoyin yarinyar, ta ji su cike, masu laushi. Ta tuna ranar da ta kai ta tasha, yadda take ta taɓa bayanta a hanya don ta tabbata goyon yana nan, saboda rashin nauyi. Ta tuna tukunyarsu. Ta tsaya a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya a waje, har rana ta fara ƙona mata yatsun ƙafar. Sannan ta janye ƙafar.

Da ta juyo, Gwaggo tana tsaye a ƙofar ciki.

"Majanyin nan daga gida kika taho da shi."

"E, Gwaggo."

"Uwarki ce ta ce ki taho da ita?"

Duk maganar da ta shirya a mota ta watse. Ta ce, "A'a."

Gwaggo ta saki numfashi, ta zauna a kan dakalin zauren, ta nuna mata gefe. Kubra ta zauna a ɗofane saboda goyon.

"Kina ganin ni na hana ta ko? Faɗi, ba zan ji haushi ba. Na ga yadda kike kallona tun da kika shigo."

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan ba ta yi wata guda ba ta manta nono. Na aika wa uwarki na ce ta manta, tana cin komai. Ta aiko an gode, Allah ya bar zumunci. Da Sallah na sake aikawa. An gode, Allah ya bar zumunci. To ke 'yar boko, fassara mini. In na goya ta na kai ba a ce in kawo ba, me za a ce a Birnin Kudu? A ce Sa'adiyya ta gaji da marainiyar ƙanenta, ta mayar wa matar da ko gona ba ta da ita. In kuma na buɗe baki na ce a bar mini, na zama mai ƙwace. Sai na yi shiru. Ita ma ta yi shiru. Ga mu nan."

"Wataƙila kunyarki take ji," in ji Kubra, muryarta can ƙasa. "Kada a ce ba ta yarda da dangin Baba ba."

"Wataƙila. Ko kuma..." Gwaggo ta dubi jajayen yatsun Kubra, ba ta ƙarasa ba. Ta miƙa hannu ta gyara wa Lailatu wuya. "Wallahi ranar da aka ɗauke ta, gidan nan faɗi zai yi mini. Ni nake tashi da ita, ni nake kwanciya da ita. Amma ba ni na haife ta ba. Uwarta ta buɗe baki ta ce a kawo, da ƙafata zan kai ta, ba aike ba. Ki tambaye ta."

"Ni, Gwaggo?"

"Ke fa. 'Yar fari ba ta da baki ne?"

Aka shimfiɗa zane a gadon Gwaggo. Kubra ta kwance majanyin a hankali, amma hannun yana nan riƙe da kunnenta. Sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lailatu ta juya ta rungumi matashi, ba ta farka ba.

Da la'asar sakaliya ta iso gida. Ƙannenta ba su taso daga Islamiyya ba. Inna tana zaune a inuwar katangar ɗakin da ya faɗi, ta karɓo ragowar zoɓo a buhu tana ƙarasawa a gida. Kubra ta yi sallama, ta ajiye ƙullin abincin suna da kwanon masarar da Gwaggo ta bayar, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta sa hannu a zoɓon.

"Kin same su lafiya?"

"Lafiya lau."

"Mai jegon?"

"Tana gaishe ki."

"Me aka sa wa jaririn?"

"Abdulnasir."

"Allah ya raya." Inna ta jefa ƙwallo a kwando. "Mijin Yaya fa, ya jikin nasa? Tsohuwar nan tana nan kuwa?"

Ta tambayi kowa. Ta tambayi ko sun sami gero bana, ta tambayi ko an gyara hanya. Kubra tana amsawa tana jira. Tambayoyin suka ƙare, sai ƙarar zoɓo kawai a tsakaninsu.

Inna ta goge hannu a zani, ta jawo jakar don ta ciro ledar da aka kai kuka a ciki. Majanyin ya biyo hannunta ya faɗo kan cinyarta. Ta gane shi nan take. Kubra ta ga yatsun uwarta sun tsaya, sannan suka shafa wurin da ya jiƙe da yawun barci, bai gama bushewa ba. Inna ta juya baya kamar mai neman wani abu a gindin katanga. Ta kai majanyin hancinta. Kafaɗunta suka ɗaga, suka daɗe ba su sauka ba.

Da ta juyo ta ninke shi daidai, ta ɗora a kan jakar, ta koma kan zoɓo.

"Ta yi ƙiba," in ji Kubra. "Tana da takalmi. Har abinci take ragewa."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, idonta a ƙasa.

"Mama take ce wa Gwaggo. Ni kuma baƙuwa."

Inna ta ɗauki zoɓo ɗaya, ta yi ta juya shi a hannu ba ta ɓare ba. Ɗan kwanon mai zanen fure yana nan kusa da murhu da gishirinsa, tukunyar tana kife, ba a ɗora komai ba tukuna. Kubra ta ji zuciyarta tana bugawa har cikin kunnen da aka murza. Ta ɗago kai ta dubi fuskar uwarta sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta yi wayo. Ta ga furfura a gefen ɗankwali, ta ga idon ya yi ja.

"Inna."

"Na'am."

"In Gwaggo ta kawo Lailatu gobe, za ki karɓe ta?"